Gorar Baba a Kan Dutsen Mambila

A masallacin unguwarmu, can gindin Goron Dutse, akwai wata gora da take jingine a bayan ƙofa tun kafin in yi wayo. Tsawonta daidai da tsawon mahaifina, daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ban da hula. Shi ne ladanin masallacin, kamar yadda mahaifinsa ya kasance, kuma da wannan gora yake gane shigar la'asar.

Yadda yake yi ba boyayye ba ne. Zai fito haraba, ya kafa gorar a wani ɗan rami da aka yi dominta, ya dubi inda inuwarta ta ƙare, ya tuɓe takalmi, ya bi inuwar yana ɗora diddige a bakin babban yatsa yana ƙirgawa. Gorar taku bakwai ce da ƙafarsa. Kowane wata yana da adadin inuwar da take saura idan rana ta tsaya tsaka: wani watan taku ɗaya, wani biyar, wani kuma babu ko kaɗan. Sai ya haɗa adadin watan da bakwai. Da zarar inuwa ta cika wannan jimla, la'asar ta shiga, sai ya mayar da takalminsa ya kira salla.

Adadin watanni goma sha biyun nan a ka yake riƙe da su, bai taɓa rubutawa ba. Daga bakin kakana ya karɓa. Abin da ya sani shi ne kakan ya samo su a littattafan malamai, don haka lissafi ne na duniya baki ɗaya, duk inda rana take fitowa.

Ni kuwa aikina karanta labarai ne a rediyo. A wurinmu lokaci daƙiƙa ne. Jar fitila tana kamawa ka buɗe baki, tana mutuwa ka rufe, ko da jimlar ba ta ƙare ba. An kuma horar da mu kada mu karanta abin da ba mu tabbatar ba. Duk da haka na kai shekara arba'in ina ganin Baba yana taka inuwa ban taɓa tambayarsa komai a kanta ba. Ni ne ɗan fari, kuma gidanmu ana alkunya sosai. Bai taɓa kiran sunana ba, iyakarsa "kai" ko "wannan", hirarmu kuma ba ta cika wuce gaisuwa da saƙo ba.

Da samarin unguwa suka rataye agogon bango da jadawalin lokutan salla a masallaci, bai yi musu da kowa ba. Ya ci gaba da takunsa, su kuma suna duba agogonsu, kuma da wuya a sami saɓanin da ya wuce minti uku ko huɗu. Haka aka zauna lafiya, har ranar da na yi suɓul da baka a majalisar dattawa.

Farkon watan Oktoba ne, damina tana haɗa kayanta. Na sami hutun mako ɗaya, na tsaya gaishe su a dakalin ƙofar masallaci bayan la'asar, na ce zan yi tafiya zuwa Mambila.

"Biki ko rasuwa?" in ji wani.

Na ce babu ko ɗaya, kallo kawai zan je. An ce wurin akwai tsaunuka da sanyi da gonar shayi.

Aka bi ni da kallo, irin kallon da ake yi wa wanda ya ce zai sayi jirgi. A cikin ganuwa mutum yana tafiya don fatauci, ko karatu, ko zumunci, ko asibiti. Tafiya don kallon dutse, alhali ga Goron Dutse a bayan gida ga Dala a gaba, ba ta cikin lissafi.

Wanda ya cece ni shi ne aminin Baba, wani tsohon direban babbar mota, Bazazzage, da ya shekara hamsin a unguwar amma har gobe wasan Kanawa da Zagezagi bai bar bakinsa ba.

"Ku ƙyale yaro ya je ya ga duniya," in ji shi. "Ni na sha hawa dutsen nan da kaya. Can in rana ta tsaya, inuwarka ƙarƙashin takalminka take shigewa. Ladan, da kai ne a can da ka rasa abin takawa."

Baba ya ce, "A wannan watan?"

"A wannan watan."

"Taku biyu ne a wannan watan. Biyu da bakwai tara, la'asar ke nan. Ko a bangon duniya."

"Bakano ke nan. Lissafin nan naka iyakarsa Ƙofar Na'isa, kana fita ya zama tatsuniya."

"Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kwance a ƙarƙashin mota, yaushe ka ga rana balle inuwa?"

Aka yi dariya, na ɗauka magana ta wuce. Sai direban ya ce, har yanzu cikin wasa, to in aka je aka auna ta saɓa fa? Baba bai yi dariya ba. Ya ce in ta saɓa, to abin da mahaifinsa ya ba shi ba gaskiya ba ne, kuma ba zai ƙara kiran mutane salla da shi ba. Zai ajiye gorar ya bi agogo. Ya faɗi haka a gaban mutum bakwai ko takwas. Sannan ya juya, ba tare da ya dube ni sosai ba, ya ce, "Kai, motar taka tana da wurin gora?"

Na yi makaranta daidai gwargwado, na san cewa in ka nufi kudu da nisa inuwar tsakar rana ba za ta zauna yadda take a Kano ba. Abin da ban sani ba shi ne yawan bambancin, ko zai kai a gan shi da tafin ƙafa. Na so in sani ƙwarai. Na kuma so kada in sani.

Mahaifiyata ta cika but ɗin motar da barguna uku, da garin kunu, da soyayyen nama, da dambun kifi, kamar masu zuwa inda ba a girki. Gorar kuwa sai da na kwantar da kujera, ta ratsa daga bayan mota har tsakaninmu, kanta yana dab da giyar motar. Haka muka yi kwana biyu a hanya, ni da mahaifina, da gora a tsakani.

A shingayen bincike ita ake fara tambaya. Wani jami'i ya leƙo ya ce, "Baba, wannan ta kiwo ce ko ta faɗa?" Baba ya ce ta awo ce. Jami'in ya ce awon gona? Ya ce awon rana. Mutumin ya dube ni, ya dube shi, ya ɗaga mana hannu muka wuce.

Mun kwana a Jalingo. Washegari bayan azahar muka iso gindin dutsen, inda direbobi suke tsayawa su duba birki su ƙara ruwa. Daga nan hanya ta fara naɗewa a jikin dutse, kwana bayan kwana, bango a hannu ɗaya rami a ɗayan. Na zaci zai rufe ido ya kama tasbihi. Tasbihin dai yana yi, amma idonsa a buɗe, kuma a nan ne ya fara yi mini tambayoyin da bai taɓa yi ba. Me ya sa kunnensa ya toshe? Wa ya fasa wannan hanya, kuma daga sama ya faro ko daga ƙasa? Ruwan da yake zubowa daga dutse ba dare ba rana, me yake ƙara shi? Wasu na amsa, wasu na ce ban sani ba. Na lura "ban sani ba" ta fi yi masa daɗi.

Da muka ƙure hawan sai ƙasa ta buɗe. Na sa ran ganin duwatsu masu tsini, sai na ga tuddai masu santsi, kore shar, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, kamar an kifa ƙore an lulluɓe su da ciyawa. Shanu jajaye masu dogayen ƙaho suna kiwo ba mai kora. Bishiyoyin turare a jere a bakin kowane gari. Iska ta shigo ta taga, Baba ya jawo bargo ɗaya ya yafa a kan babbar rigarsa, bai kuma cire shi ba sai da muka sauko.

Mun sauka a wani ƙaramin masauki a gefen garin Gembu, ɗakuna huɗu a jikin tudu, da fili mai ciyawa a gaba. Mai wurin wani dattijon Bafulatani ne mai sanyin magana, Hausarsa tana da ɗanɗanon Fulatanci. Ya kawo mana kaskon gawayi da shayi mai madarar shanu. Da ya ga gorar ya tambaya, Baba ya yi masa bayani tun daga kakana. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah ya ba ku rana, Malam. Nan takan yi kwana uku ba ta leƙo ba."

Kwana uku ne daidai muke da su.

Ranar farko mun tashi a cikin gajimare. Ba sama yake ba, a tsakar gida yake, yana shiga ɗaki in ka buɗe ƙofa. Baba ya miƙa hannu cikinsa ya dawo da shi a jiƙe, ya shinshina. Ya ce shekara saba'in yana ganin hadari daga ƙasa, bai san ba shi da ƙamshi ba. Har azahar ba inuwa ko ta bishiya. Don kada mu zauna muna kallon sama, na kai shi gonar shayi. Ya tsaya a cikin layukan ganyen da suka kai masa ƙugu, yana kallon mata suna tsinke toho suna jefawa a kwandon baya ba tare da sun waiwaya ba. Ya tsinki ganye ɗaya ya tauna, ya tofar. Ya ce shi duk zatonsa ganyen shayi baƙi yake fitowa. A hanyar dawowa muka sayi fiya da ayaba a bakin titi, ya yi ta ciniki da mai tallar da Hausa, tana mayar masa da Fulatanci, kuma suka daidaita ba tare da ni ba.

Amma duk inda muka je gorar tana cikin mota, kuma duk bayan ɗan lokaci sai ya ɗaga kai.

Rana ta biyu ma haka ta faro, da yayyafi. Tsakar rana ta wuce a rufe. Muna zaune a baranda bayan ƙarfe uku, ya yi alwala a bakin ciyawa ya ajiye buta, sai haske ya faɗo a kan tudun da ke fuskantarmu, ya taho yana cin kwari har ya iso ƙafafunmu. Inuwar ginshiƙan baranda ta fito baƙa ƙirin.

"Kai, gorar."

Na ruga na ɗauko. Wayata tana da lissafin lokutan salla na duk garin da mutum yake, na duba na ga saura minti biyu la'asar ta shiga a Gembu. Na gaya masa. Ya ce madalla, shaidar da Bazazzage zai yarda da ita ke nan, tunda shi ba ya yarda da abin da ba shi da batir.

Na riƙe gorar a tsakiyar filin. Ya ciro zare da ɗan makulli a aljihu, ya saki makullin yana lilo a gefenta har ya tabbata ta miƙe sak. Ya tuɓe takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Wayar ta yi ƙara, ya ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwar, ya fara takawa. Ina ƙirgawa a zuci yana ƙirgawa a fili. Bakwai. Takwas. Babban yatsansa ya taɓa tsakuwar a kan tara.

Bai yi murna da baki ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya sa takalmi, ya ce wa mai masauki ya zama shaida. Amma na ga yadda kafaɗunsa suka sauko, sai a lokacin na gane nauyin da ya ɗauko tun daga Kano.

Ni ma na ji daɗi, na kamar minti ɗaya. Ina mayar da gorar sai idona ya faɗa kan ruwan alwalarsa. Bai tsaya inda ya zuba ba. Ya sami hanya a cikin ciyawa ya gangara siriri, ya bi ta gefen tsakuwar ya wuce, daidai inda inuwar ta bi. Filin ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Gangaren kaɗan ne, ido ba ya kama shi, amma inuwar da ta kwanta a gangare dole ta fi tsawo. Harabar masallacinmu kamar faranti take, haka yawancin birni. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana awo a can ya koyi duba miƙewar gora da zare, amma ba abin da ya taɓa sa shi duba ƙasa.

Da a wurin aiki ne, wannan labarin ba zai shiga iska ba. Edita zai ce a koma a tabbatar. Amma nan ba edita, shaidu biyu ne kawai, ɗaya bai lura ba, ɗaya kuma ɗansa ne. Muka yi la'asar, muka sha shayi. Ya yi ta ba mai masauki labarin kakana, yadda yake da murya har ana jin kiransa a Dukawuya. Sau biyu na buɗe baki. Na farko na tambaye shi ko a ƙara gawayi. Na biyu ban ce komai ba.

Da safe bayan mun karya, yana zaune yana shafa man zafi a gwiwa, sai ya ce, "Kai, jiya da nake takawa, gwiwar nan ba ta yi mini ciwo ba."

Na ce to madalla.

"Ba madalla ba ne. A gida kullum sai ta yi. Ba ta barina sai in ina saukowa daga dakali." Ya rufe kwalbar man. "Ka ga abin da na gani?"

Na ce na ga ruwan alwala.

"Shi ne ka yi shiru."

Na sunkuyar da kai. Ya ce, ba cikin faɗa ba, "A rediyon ma haka kuke yi?" Na ce a'a. Ya ce to.

Ya kira mai masauki ya tambaye shi inda ƙasa take kwance sosai a garin. Dattijon ya yi dariya ya ce a Mambila ko kaza in ta yi ƙwai sai ta tare shi da ƙafa. Da ya yi tunani sai ya ce akwai wani daɓen siminti a bayan gidan ƙaninsa, inda suke shanya masara. Ya raka mu da kansa. Baba ya tafi da buta. Da muka isa ya tsiyaya ruwa a tsakiyar daɓen, muka tsaya mu uku muna kallo. Ruwan ya bazu ya yi da'ira ya tsaya. Ya gwada a wuri na biyu, nan ma ya tsaya.

Wannan karon ba la'asar yake so ba. Ya ce a koma tushe, a auna inuwar tsakar rana ita kanta, wadda ya ce taku biyu ce. Awonta sai da haƙuri: ka kafa gora tun da hantsi, ka riƙa sa alama a bakin inuwa tana raguwa, har ta daina raguwa ta fara ƙaruwa. Mafi gajartarta ita ce adadin. Muka tara duwatsu muka tokare gorar, ya daidaita ta da zarensa, ya cika aljihu da ƙwayar masara don alama.

Saura rana. Gajimare yana wucewa a kanmu guntu-guntu, ya buɗe ya rufe. Duk buɗewa sai Baba ya durƙusa ya ajiye ƙwaya ɗaya. Kaji suka gano abin da ake yi, aikina ya koma kora. Matan gidan suka leƙo ta katanga, ɗaya ta tambayi mai masauki da Fulatanci, ya amsa, suka yi dariya suka koma. Daga baya ya gaya mini ta ce ne ko baƙin sun zo neman ma'adini.

Wajen goma da rabi inuwar tana kan taku uku da wani abu. Ƙwayoyin suka riƙa matsowa gindin gorar a layi mai ɗan lanƙwasa. Da ta sauko taku biyu na dubi fuskarsa. Ya ajiye ƙwaya, ya zauna a kan dugadugansa, yana jira ta tsaya. Ba ta tsaya ba. Ta shige ciki da faɗin yatsa, sannan biyu. Sai wani babban gajimare ya rufe mu, inuwar ta ɓace ɗungurum.

Minti goma sha ɗaya muka yi a haka, na duba agogo. A cikinsu na yi tunanin cewa in bai buɗe ba, za mu koma Kano da tara ɗin jiya da kuma shakka, kuma shakka ba ta isa ta sa mutum ya ajiye gadon ubansa ba. Ban san abin da shi yake roƙo ba. Da hasken ya dawo, inuwar ta zama 'yar guntuwa a arewacin gorar. Ya sa ƙwaya. Muka jira. Ta ɗan ƙara shiga, ta tsaya kamar tana shawara, sannan ta fara fita ta ɗaya gefen.

Ya tuɓe takalmi, ya sa diddige a gindin gorar. Ƙafa ɗaya ta kusa cinye ta. Ragowar ya auna da hannu.

"Taku ɗaya da yatsu uku," in ji shi.

Mai masauki ya kau da kai yana kallon masararsa. Ni ina neman abin da zan ce, duk abin da ya zo mini sai in ji ya yi kama da ta'aziyya.

Baba yana durƙushe yana kallon layin ƙwayoyin. Can ya ce, "Kai. In aka ƙara yin kudu, raguwa za ta yi?"

Na ce a wannan watan, e.

"In aka yi arewa ta ƙaru. Agadas ta fi Kano."

Na ce haka ne.

"To kowane gari da nasa ke nan." Ya ɗora hannu a kan gorar. "Littattafan da malam yake karantawa, a Kano aka rubuta su?"

Malam yake ce wa mahaifinsa. Na ce ban sani ba, amma na ji yawancinsu daga Masar da ƙasashen Magrib suka zo.

"To da a cikinsu ya gani, da na Masar zai ba ni, da kuma bai yi daidai da harabarmu ba ko sau ɗaya." Ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, abin da ba ya yi. "Ashe ba karantawa ya yi ba. Tsayawa ya yi a rana. Wata goma sha biyu yana yin abin da muka yi yau, shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba."

Ya tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ya watsa wa kajin. A hanyar komawa masauki ya tambaye ni ko akwai garin da inuwarsa take faɗawa kudu a wannan watan. Na ce akwai, in aka tsallake tsakiyar duniya. Ya ce a kai shi ya gani, sannan ya yi dariya ya ce a'a, gwiwa ba za ta yarda ba.

Mun iso Kano ana kiran magariba, don haka sai washegari bayan la'asar aka haɗu a dakali. Na je, ko da yake ba a gayyace ni ba. Baba ya raba tsarabar ganyen shayi da fiya, sannan ya ce wa amininsa, "Bazazzage, ka yi gaskiya sau ɗaya a rayuwarka. Taku ɗaya da yatsu uku."

Direban ya gyara zama zai fara, Baba ya ɗaga hannu. Ya ba su labarin tara ɗin farko da gangaren da ruwan alwala, bai rage komai ba, har shirun da na yi. Sannan ya ce alkawari kaya ne, daga yau da agogo zai kira salla.

"Haba Ladan, wasa fa nake yi," in ji direban. "Wa ya ce ka ajiye? A nan ai daidai take."

"A nan daidai take. Amma na ce ko a bangon duniya, kuma a gabanku na faɗa."

Aka yi ta ba shi baki, bai sauya ba. Tun daga ranar, in lokaci ya yi, agogon bango yake dubawa ya kira salla. Sai dai bayan an idar, in mutane sun watse, yakan fito da gorar ya taka don kansa, ya kuma faɗa wa duk wanda ke kusa ko agogon ya yi daidai yau.

Wani abu kuma ya ƙaru. Duk wanda ya zo yi masa sallama zai yi tafiya, ɗan kasuwa ne ko ɗalibi ko mai zuwa gaisuwa, sai Baba ya ce ba ya son tsaraba, inuwa yake so. Ya koya wa mutum yadda zai yanki kara daidai tsawonsa, ya nemi wuri ya zuba ruwa tukuna, ya jira rana ta tsaya. Da yawa suna mantawa. Wasu suna kawo adadin da ka ji ka san a mota suka ƙirƙira shi, yakan kuma gane. Waɗanda ya yarda da su yana sa ni in rubuta a bayan tsohon jadawalin masallaci, gari da wata da taku, shi da bai taɓa yarda a rubuta na mahaifinsa ba. Daga baya ya ce in rubuta su ma, a sama, in sa Kano a gefensu.

Na farkon da ya kawo adadi mai kyau direban ne. Ya je Zariya bikin suna, ya dawo ya zauna a dakali yana ta jan rai, sai da aka roƙe shi sannan ya faɗa. Adadin ya ɗan gaza na Kano.

"Ka gani," in ji Baba. "Ko inuwarku ba ta kai tamu ba."

Ya juyo wajena ya ce in rubuta.